Gwaggo Zubaidatu da Ganyen 'Yar Haya

Gwaggo Zubaidatu mai daddawa ba ta sayen kalwa sai ta zura hannu har gindin buhu. Haka take tun tana budurwa a Kabo, haka ta tsufa a Gwarzo bayan rasuwar mijinta. Da rayuwa ta yi tsanani, kananzir ma ya gagari talaka, dole ta ba da hayar ɗakin ƙofar gida ga wata malamar firamare 'yar Filato, mai suna Tabitha.

Malama ta zo da akwati da risho da wani tsiro a tsohon bokiti. Ganyensa sirara ne kamar allura, kore shar ko da rani, in ka murza sai ƙamshi ya bi hannunka. Rozmari take ce masa. Da safe ta fitar da shi rana, kafin azahar ta jawo shi inuwar darbejiya, ba ta ba shi ruwa sai ƙasar ta bushe.

Gwaggo ta sa ido. Abin da ba ya 'ya'ya, akuya ma ta sunsuna ta wuce, me ya sa ake lallaɓa shi haka? Lokacin ba a daɗe da fara Shari'a ba, kullum sai ka ji an kama mai giya ko mai wiwi. Ran nan ta ga Malama tana ƙulla busasshen ganyen a leda. In aka zo kame, ai gidanta za a ce.

Ba ta tambaye ta ba. Ta saci reshe ta kai wa Nata'ala mai maganin gargajiya. Ya tauna, ya tofar.

"Ba wiwi ba ne, Gwaggo. Amma ni ban san shi ba."

Ganyen da Nata'ala bai sani ba! Sai zuciyarta ta koma kan asiri. Ranar Lahadi, Malama na fita coci, Gwaggo ta sauke tafasasshen ruwan kalwa ta kwarara a bokitin.

Tsiron ya yi baƙi ya bushe. Gwaggo ta iske Malama tsugune gabansa, idanu jajur.

"Zafin garin nan ne, Gwaggo," in ji ta. "A lambun mahaifiyata na yanko shi, can wajen Jos inda ake sanyi. Da shi take soya mana dankali. Gidan ma yanzu babu, an ƙone shi a rikici."

"Wanda kike ƙullawa fa?"

"Na shayi ne. Ƙanwata nake aika wa."

Gwaggo ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta shige ɗaki. Ba ta faɗa mata ita ta kashe shi ba. Daga nan kullum ta sauke daddawa sai ta zaɓi manyan curi ta miƙa wa Malama, ba ta karɓar ko sisi a hannunta.

Da aka mayar da Malama makarantar garin Durun, Gwaggo ta raka ta har tasha, ɗauke da rishonta a ka. Ɗakin kuwa ta zuba buhunan kalwa a ciki, ba ta sake sa ɗan haya ba.