Gambar da Na Tone

Na daɗe ina tsara wa mutane lambu, kuma har yau idan mai fili ya nuna min iyaka da sandarsa ba na yarda, sai na je na tambayi maƙwabci. Ana cewa na fiye zargi. To, na fiye ɗin, kuma na san inda na samo shi.

Wani Alhaji dillalin shanu ne ya kira ni wani ƙauye kusa da Ɗanbatta. Ya sayi gona, yana so a mayar masa da ita wurin hutawa, da mangwaro da gwaiba da rumfa a tsakiya. Lokacin ina ji da kaina, na yi aiki a gidajen manya a birni. A gefen gabas akwai jerin tsohuwar gamba. Alhaji ya ce, "Malam, ciyawar nan ta ɓata min wuri, a tone ta." Ya ƙara taku uku gaba, ya ja layi a ƙasa da sandarsa. Ban tambayi komai ba. Na tone gambar, na kafa turaku, na ja igiya, na dasa mangwaro a kan layin.

Bayan kwana biyu na dawo na tarar an tumɓuke dashen kaf. Abin da ya ɗaure min kai, ko ɗaya ba a karya ba. An jera su a inuwar ɗorawa, an rufe saiwoyin da jiƙaƙƙen buhu. Akuya dai ba ta yin haka. Na zargi leburori, na zargi mai kawo ruwa a amalanke, har wani mai sayar da dashe da muka taɓa cacar baki a kasuwa bai tsira ba. Duk wanda ya gaishe ni sai in saci kallon hannunsa.

Na sake dasawa. Ranar kasuwa da hantsi, kowa ya tafi, na laɓe bayan ɗorawar. Sai ga tsohon da ke noma gonar gabas, ya durƙusa yana tone dashen a hankali da hannu. Na fito ina huci.

"Baba, ashe kai ne! Da girmanka?"

Ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Ɗana, gambar da ka tone mahaifina ne ya dasa ta, ita ce iyakarmu. Idan mangwaron nan ya kama, nan gaba mai unguwa shi zai duba, ba maganata ba. Ban so in kashe maka su ne, ba su da laifi."

Ni ɗan ƙauye ne, na san me gamba take yi a gefen gona, zaman birni ne ya mantar da ni. Taku uku a tsawon gonar nan, gero ne na ciyar da gida kwanaki.

Da yamma na sami Alhaji. Ya yi dariya ya ce, "Kai lambu na ɗauke ka, ko alƙalanci?" Na tattara kayana na tafi, ina ganin na yi abin kirki. A cikin fushi na manta ban cire turakun ba. Wanda Alhaji ya ɗauko bayana bai sha wahalar awo ba, su ya bi.

Tsohon ya kai ƙara, amma babu gambar da zai nuna. Ya rasu da daɗewa, 'ya'yansa ke noma abin da ya rage. Idan motar Ɗanbatta ta wuce ta wurin, fasinjoji kan yaba yadda mangwaron ya jeru ɗoɗar. Ni ba na dubawa. Ni na ja igiyar.