Murfin Man Birki

Autata ta dawo gida goyon ciki da daminar da ruwa ya cinye mana hanya. Naƙuda ta kama ta, ungozoma ta yi iyakar yinta, da hantsi ta fito ta ce mini, "Wannan ya fi ƙarfina, sai asibitin Bici."

Mota ɗaya ce a ƙauyenmu, ta ɗan maƙwabcinmu mai kai wake kasuwar Dawanau. Ya kawo ta ƙofar gida, aka shimfiɗa katifa a baya. Ina kallonsa ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya fito ya buɗe gaban motar, ya ɗaure wani siririn bututu da ke ɗiga.

"Inna, a taimaka mini da garin sabulu da ruwa a kofi."

"Wanki za ka yi?"

"Man birki ne ya tsiyaye. Ruwan sabulu zai kai mu, kowa ma haka yake yi."

Ban yi boko ba, amma na san ruwan sabulu. Shi aka zuba wa motar da ta ɗauko maigidana daga kasuwa, a gangaren rafi ta ƙi tsayawa. Mutum uku aka yi wa wanka a ƙauyen nan ranar, har da shi.

Na nuna murfin mazubin man birkin da ke hannunsa na ce, "Me aka rubuta a nan?"

"Irin man da maƙeran motar suka ce a zuba."

"Sun ce sabulu?"

"Haba Inna, su a ƙasarsu kwalta gare su! Rai fa muke ceto."

Daga ɗaki ina jin yarinyar tana kirana, muryar tana ƙanƙancewa. Ba ta iya zama, balle a ɗora ta a babur. Amma na tsaya a bakin zaure na ce ba za a fito da ita ba. Na karɓi murfin na damƙa wa wani mai babur. "Je ka Bici, ka nuna wa mai shagon kayan mota rubutun nan. Abin da ya ce, shi za ka kawo, a rufe."

Wannan jira ban taɓa yin irinsa ba. In shiga in riƙe hannunta, in fito in leƙa hanya, ba komai sai gero da taɓo. Ƙanwar maigidana tana kuka tana cewa, "Yaya, taurin kanki zai kashe yarinyar nan." Ni dai bakina salati kawai yake.

Sai da aka kira azahar mai babur ya iso, taɓo har gwiwa. Aka zuba man, aka yi ta taka birki har ya yi tauri, muka kama hanya, kan yarinyar a cinyata.

Hanya fayau. Ko akuya ba ta gitta mana ba, gangaren ma a hankali muka sauka.

A asibiti suka ceto autata. Jaririn, namiji, bai zo da rai ba. Malamar asibitin ta ce da mun zo da wuri, wataƙila. Direban ya sunkuyar da kai, bai dube ni ba.

Ƙanwar maigidana ta daɗe ba ta gaishe ni ba. Autata kuwa ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Ta sake haihuwa sau biyu, amma ba ta ƙara zuwa gidana goyon ciki ba.