Baba Kafinta da Bencin Baya

Alhamis, 8 ga Mayu. Aikin farko: karɓo mabuɗin majami'a wurin mai gadi, in ƙirga bencuna.

Na ƙirga. Ashirin da shida ne, yadda ka bar su.

Baba Kafinta, shekaranjiya Talata, 6 ga watan Mayu, wajen ƙarfe huɗu na yamma, Ubangiji ya kira ka kana cikin shagonka, kana da shekara saba'in da ɗaya. Inna, matarka, ta kawo maka ruwa ta tarar da kai zaune a kan tulin katako, ka jingina da bango, fensir a bayan kunne. Ta ce sai da ta yi maka faɗa tukuna, a zatonta gyangyaɗi kake yi. Ni labarin ya same ni a wurin aiki, kuma kafin hawaye ya zo sai da na rubuta lokacin a gefen takarda. Ka san halina. Kai ne kake cewa, "Sakatare, kai ko ranar tashin matattu sai ka nemi biro."

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da littafin ikkilisiyarmu, kuma duk wanda ya rasu ni nake rubuta 'yan kalmomin da ake karantawa a jana'izarsa. Na rubuta sun fi talatin, duka da sanyin rai. Wannan kam raina a ɓace yake, na kuma rasa yadda zan ɓoye.

Babu benci ɗaya a ɗakin nan da ba hannunka ya ƙera ba. Ka yi wa tsofaffin mata guda uku gajeru, don ka lura ƙafafunsu ba sa kaiwa ƙasa. Kowace Lahadi da ƙaramar guduma kake zuwa a aljihu, ka bi layi-layi kana shafa katako kafin a fara sujada. Da wani ya ce maka ai ranar hutu ce, ka ce, "Ƙusa ba ta san Lahadi ba, zanen mutane take ci." Lokacin da ƙafafun mahaifiyata suka daina ɗaukar ta, ba wanda ya roƙe ka, sai ga ka da kujera mai mariƙi huɗu, yadda mutum biyu za su iya ɗauko ta zuwa majami'a. Shekara uku ta yi tana zuwa a kanta. Na je yi maka godiya, ka miƙo mini ƙarshen katako ka ce in riƙe, kana zarto, har na manta abin da ya kawo ni.

Amma abin da za a fi tuna ka da shi shi ne bazara. Rufin ɗakinmu kwano ne, ba silin, fanka biyu ne kawai, su ma can gaba suke. In zafi ya kankama, kafin a kai tsakiyar wa'azi rabin jama'a sun koma fifita da takardar waƙa, sauran suna barci. Kai ka fara cewa a fitar da bencuna ƙarƙashin mangwaron da ke harabar, kuma kai kake jera su tun da sassafe. Shekara tara muna haka. Mata su zo da bokitin ruwan sanyi, mawaƙa su ja murya ba bango da zai dawo da ita, maƙwabtan da ba addininmu ɗaya ba su jingina da katanga suna saurare. Wata rana mangwaro ya faɗo daidai kan teburin Fasto yana tsakiyar maganar tanadin Allah, muka yi dariya har shi kansa ya rasa inda ya tsaya. Bayan sujada ba mai gaggawar tafiya. A can aka yi sulhu da dama da suka gagara a ɗakin taro.

Inuwar bishiya kuwa zagaye take, don haka kai ma zagaye kake jera bencunan. Daga nan maganar ta samo asali.

Ga wanda bai san tsarinmu ba: in mutum ya yi laifi a fili, dattawan ikkilisiya sukan sa shi ƙarƙashin horo. Ba zai ci Jibin Ubangiji ba, ba zai yi waƙa ko addu'a a gaban jama'a ba, kuma zai zauna a benci na ƙarshe kusa da ƙofa, wanda ba shi da majingina. Ni ban ce horo ba shi da wuri ba. Na ga waɗanda ya gyara. Sai dai a ƙarƙashin bishiya ba gaba ba baya. In bazara ta zo, bencin baya yakan shige cikin 'yan'uwansa, mai horo ya zauna kafaɗa da kafaɗa da kowa, kuma shekara tara ba wanda ya mutu saboda haka.

Farkon bazarar bara aka sa wata mata da muke kira Mai Ƙanƙara a horo. Gwauruwa ce mai 'ya'ya huɗu, laifinta shi ne ta buɗe shagonta safiyar Lahadi sau uku, saboda a lokacin ne ƙanƙararta take kamawa, in ta jira azahar ta narke. Lahadin farko a waje ta zauna kusa da matar shugaban dattawa, har suka riƙe takardar waƙa ɗaya. Shugaban dattawanmu, wanda muke kira Mai Agogo don yadda yake duba hannu in addu'a ta yi tsawo, ya gani. A taron Laraba aka yanke cewa a shafa wa ƙafafun bencin horo jan fenti, a riƙa ajiye shi can gefe, wajen inuwa. Aka kira ka, aka miƙa maka gwangwanin. Ka ce, "To."

Ranar Lahadi muka zo muka tarar da bencuna ashirin da shida duk da jajayen ƙafafu, har da kujerar Fasto. Fentin bai gama bushewa ba, ya kama farin wandon Mai Agogo. Da aka tambaye ka a gaban dattawa, ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Ranku ya daɗe, na ɗauki buroshi na tsaya a gabansu, na tuna wa da wa ke zama a kan kowanne. Na rasa wanda zan tsallake. Da nawa na fara."

Aka sa ka a horo saboda raina shugabanni, ba wa'adi, har sai ka miƙe a gaban jama'a ka ce ka tuba. Ni na rubuta takardar. Zan faɗi wannan a fili, domin shekara guda da wata biyu ina kewaye shi. A taron ban ce uffan ba. Na gaya wa kaina aikin sakatare rubutu ne, ba magana ba. Har sake kwafe takardar na yi don layi ɗaya ya karkace. Na kai maka shago da hannuna, ka karanta a tsaye, ka ninke ta, ka ce, "Rubutunka da kyau, Sakatare. Zauna ka sha ruwa."

Da wani ne da ya koma wata ikkilisiya, an ma zo neman ka. Ba ka tafi ba. Kowace Lahadi kai ne na farko, ka bi bencuna da gudumarka, sannan ka je ka zauna a na baya. In na wuce da littafina sai ka ce, "Ni na ƙera shi, na san inda ba ya ciwo." Sau huɗu ina zuwa lallashin ka. Na ƙarshe na ce, Baba, kalma biyu ce fa kawai. Ka ajiye zarto ka ce, "Ɗana, maganar wando na je har gida na ba shi haƙuri, wannan laifina ne. Tuba kuwa kullum ina yi, zunubaina sun fi ƙusoshin shagon nan yawa. Amma in na miƙe na ce na tuba da fentin nan, na yi ƙarya a ɗakin Allah. Almasihu ya kwance ni tun ina saurayi, yanzu da furfurata zan miƙa ƙafa a sa mini mari?" Na koma gida na rubuta a littafina na kaina cewa taurin kai gare ka. Yau da safe na nemo shafin na soke.

Bana ba a fitar da bencuna ba. Dattawa sun ce zaman waje yana kawo rashin tsari. Muka zauna ƙarƙashin kwano muna tsiyaya, wata tsohuwa ta suma a makon jiya, mangwaro yana ta zuba a harabar ba kowa. Kai kuwa kana can inda iskar fanka ba ta kaiwa, da hawan jininka. Ban ce wannan ne ajalinka ba, ba ni da wannan sani. Na dai ga rigarka a jiƙe sharkaf Lahadin nan da ta wuce, na kuma wuce ka na je na karanta sanarwa.

Jiya Laraba dattawa suka zauna a kan jana'izarka. Ga abin da aka yanke, kamar yadda yake a littafi: tun da ka rasu ƙarƙashin horo, gawarka ba za ta shiga majami'a ba, ƙungiyar mawaƙa ba za ta yi waƙa ba, ba za a karanta tarihinka ba, Fasto zai yi gajeriyar addu'a a bakin kabari. Mai Agogo ya ce, "Doka doka ce. In mun sassauta yau, gobe me za mu ce wa wani?" Fasto ya zuba wa ƙasa ido. Ni kuma hannuna ya sake rubutawa.

Iyayena dattawa, ina girmama ku, wasunku sun riƙe ni tun ina ƙarami. Amma a kan me kuke zaune jiya da kuke yanke wannan hukunci? A kan aikin hannunsa. Ƙofar da kuka ce ba zai shiga ba, shi ya rataya ta. Kun koya mana horo don a dawo da mutum ne. To wa kuke shirin dawowa da shi yanzu? Mamaci ba ya jin kunya, ba ya kuma miƙewa ya ce ya tuba. Tsohuwar da ya bari ce za ta sha wannan horo, da 'ya'yansa, da duk wanda yake kallo yana koyon cewa a wurinmu gwangwanin fenti ya fi shekara hamsin na bangaskiya nauyi. Mutumin nan bai yi sata ba, bai ci amanar kowa ba. Abin da muke furtawa da baki kowace Lahadi, cewa dukanmu masu zunubi ne da alheri ya cece mu, shi ya shafa a ƙafar benci, aka ga ja, aka kasa jurewa.

Yau da hantsi na kai wa Inna saƙon. Ta saurara har ƙarshe tana tsince wani abu a zanenta. Ta ce, "Shi dai ba zai damu ba, da ransa ma zafin ɗakin nan yake gudu. Ni ce na damu." Sai ta ɗago ta ce, "Kai me ka ce a wurin?" Na ce ban ce komai ba, Inna. Ta ce, "Allah sarki. Ka dai yi rubutu."

Daga gidanka ban koma aiki ba. Na je na sami Mai Agogo na gaya masa cewa gobe zan fitar da bencuna ƙarƙashin mangwaro, a ajiye ka a tsakiya kafin a wuce makabarta, kuma zan karanta wannan takarda. Ya dube ni ya ce, "Ka san abin da zai biyo baya." Na sani. Za a karɓe littafi, a nuna mini benci. Tsoro nake ji, Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ina kuma tuhumar kaina, ko don kai nake yi, ko don in wanke hannuna ne bayan ruwa ya riga ya ƙare. Matata ta ce ko wanne ne, in dai fitar da bencunan. Mai Ƙanƙara ta ce ruwan sanyi nata ne. Shugabar mawaƙa ta ce an hana ƙungiya, su kuwa a matsayin maƙwabta za su zo, kuma maƙwabci ba ya barin muryarsa a gida. Fasto bai ba ni amsa ba tukuna.

Ubangiji ya ji ƙanka, Baba Kafinta. Ya gafarta maka kurakuranka, waɗanda ka sani da waɗanda ba ka sani ba, ya karɓe ka a teburin da aka hana ka wata goma sha huɗu, ya ba ka hutu a inuwar da ba ta gushewa, har ranar da zai tashe mu tare. Inna, Allah ya zama miji gare ki, ya share miki hawaye. 'Ya'yansa biyar da jikoki, da abokan sana'arsa, Allah ya ba ku haƙuri, ya sa ku gaji gaskiyarsa. Dattawanmu, Allah ya tausasa zukatanku, ina roƙon wannan da gaske. Ni kuma, Baba, ka yafe mini takardar nan da na kawo maka. Amin.

Abin da ya rage na gobe, Jumma'a:

Ƙarfe biyar da rabi, share ƙarƙashin mangwaro, kwashe waɗanda suka ruɓe.

Neman mutum uku na ɗaukar benci. Biyu kawai suka amsa.

Gajerun nan uku a sa su inda rana ba za ta cim musu ba kafin sha ɗaya.

Sake leƙa Fasto.

Littafin ikkilisiya: cike shafin Laraba, naɗe shi a leda, ko za a nema.

Bencin baya ƙafarsa ɗaya tana rawa. In ari gudumarka wurin Inna in gyara kafin Lahadi, tun da wataƙila ni zan zauna a kai.