Kofin Ƙarƙashin Tebur

A tashar Gummi, wani tsoho na zaune a ƙarshen bencin Mainasara mai shayi, yana jiran motar Anka ta cika. Doguwar riga ce a jikinsa, ruwan toka, ya ɗaure ƙugu da igiya, ɗan gicciyen katako na lilo a ƙirjinsa. Ga ƙullin irin shinkafa kusa da ƙafarsa.

Yaran mota sun ce daga wani gidan 'yan Katolika yake, can cikin daji, inda maza ke zama ba aure, su tashi addu'a kafin asuba, su wuni a gona. Mainasara na satar kallon hannayensa. Sun yi kanta irin ta manoman fadama, sak na mahaifinsa. Ƙila shi ya haƙa rijiyar gidan, ƙila shi ya binne waɗanda suka gina shi.

Duk da haka, da tsohon ya nemi shayi, Mainasara ya sunkuya ya ɗauko ɓalgataccen kofin nan na ƙarƙashin tebur, wanda ba a haɗa shi da na Musulmi.

Tsohon na kurɓa a hankali. Da ya gama, ya ɗauraye kofin da ruwan gorarsa, amma bai miƙa ba. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya kife shi daidai inda aka ɗauko shi.

"Allah shi yi albarka, ɗana," in ji shi. "Shayin ga ya yi daɗi."

Mainasara ya hau goge teburin da ya riga ya goge.