Ƙwaryar Dusa Ta Ci Lamba

Ranar wata Alhamis ce, bayan an gama yankan dawa, a shekarar da aka bi gari gari ana yi wa yara lambar agana. Ina 'yar shekara tara ko goma, na fito daga Furana da ƙwarya a ka, ina bin bayan Kaka zuwa Ikara. Dagaci ne ya aiko cewa matar Di'o, wato Baturen mulki, za ta duba sana'o'in ƙasa a makarantar elementare, duk gidan da ake aikin hannu a kai wanda ya fi kyau. A cikin ƙwaryar akwai faifan Inna, an naɗe shi da tsumma kada rana ta ci rininsa.

Inna matar kulle ce, ba ta fita, amma sunanta ya fita, don har daga Nasarawan Doya ake aiko mata ɗinkin faifan amare. Wannan kuwa tun damina take kansa. Ni nake tsage mata kaba, in hura wutar da za a dafa karan dafi da gangamau, hannuna ya yi ja kamar na sa lalle. Sau da yawa ina tsakiyar gaɗa a dandali za a aiko in zo in kwashe shanya. Ita ƙwaryar da na ɗauko ta dusar kaji ce. Akuyarmu ta taɓa taka ta ta tsage, gyartai ya huda ya ɗinke da kaba, ɗinki barkatai kamar ƙafafun shanshani. Kaka ta zaɓe ta ne saboda ba a fita hanya da ƙwaryar kirki.

Abin da muka tarar a makarantar har yau yana ba ni haushi. An fito da tebura an jera fartanyoyin da ba su taɓa shan ƙasa ba, da tukwanen da ba su san wuta ba, manyan mutane masu gemu sun tsaya a rana suna jiran mace guda ta taɓa kayansu da ɗan yatsa. Masinja ya karɓe kayanmu ba tare da ya tambayi komai ba, ya dire faifan da ƙwaryar tare a kan tebur. Matar Di'o ta iso da hula kamar an kife kwando, fuskarta ta yi jajir don zafi. Ta ɗauki faifan Inna, na zaci shi ta zaɓa. Ashe fifita za ta yi da shi. Tana cikin fifitar idonta ya sauka kan ƙwaryar, sai ta ajiye faifan ta rungume ta, tana shafa ɗinkin gyartai tana wani lumshe ido.

Malamin makarantar da ke yi mata tafinta ya ɗaga murya, ko kunya babu, ya ce, "Uwargida ta ce wannan ɗinki shi ne fasaha ta gaskiya. Ƙwaryar gidan wa ce?" Kaka ta sunkuyar da kai. Masinja mai neman gindin zama ya amsa, "Gidan Malam Sule na Furana." Aka ce in zo in karɓi lamba. Ni da lamba ɗaya na sani, na dafe damtsena da bai gama warkewa ba na fashe da kuka, wuri ya kwashe da dariya. Lambar dai wani ɗan jan ƙyalle ne da ko ɗaurin kan 'yar tsana bai isa ba. Ƙwaryar kuma aka sa ta a mota, da sauran dusarta a ciki.

A lokacin, ƙwaryar da ta sha ɗinki ɓoye ta mace take yi in baƙi sun shigo. Tamu kuwa an ɗaga ta gaban Ikara duka, an kira sunan maigida. Labari ya riga mu isa gida. Inna ba ta tambayi ƙwarya ba, abu ɗaya ta ce, "Ta dai juya ta duba bayansa?" Domin a baya ake gane mai ɗinkin faifai, inda ake ɓoye bakin kaba. Kaka ta ce, "Fifita ta yi da shi, 'yar nan." Inna ta karɓi abinta ta shiga ɗaki. Aka daɗe ana tsokanar Baba a ƙofar masallaci cewa ya kasa saya wa iyali ƙwarya, mata kuma suka sa wa gidanmu suna gidan lamba ɗaya. Inna ta ci gaba da ɗinkin farare na rufe fura, amma ban sake hura mata wutar karan dafi ba. Jan ƙyallen nan Kaka ta ɗaura wa akuya a wuya, ta ce, "Ai ita ta fasa, ita ta ci."

Bara jikata ta kai ni wani ɗakin nunin zane da sana'o'i a Kaduna, bango fari tas, fitilu ta ko'ina. Na ga ƙwarya mai ɗinkin gyartai an ware mata wuri ita kaɗai, mutane sun goya hannu a baya suna kaɗa kai, kuma duk 'ya'yanmu ne, ba Bature ko ɗaya. Na nemi faya-fayai, aka nuna mini su can sama, an kafe kowanne da ƙusa, bayansa manne da bango. Na tsaya ina tuna hannun Inna. Har yau ba wanda ya juya ya duba.