Benci Marar Majingini

Baba Daidai ake ce masa a unguwar, har jikokinsa ma haka suke kiransa. Kafinta ne, ya fi shekara arba'in a rumfa ɗaya, tsakanin mai faci da mai gyaran rediyo. Halinsa ne ya jawo masa sunan. In ya gama tebur sai ya ɗora kofin ruwa a kai, ya tsuguna yana kallo, in ruwan ya karkata ko da kaɗan ne sai ya kwance ƙafafun ya sake. Mai tebur na tsaye yana magiya, "Baba, abinci kawai za mu ci a kai," shi kuwa ko ɗaga kai ba ya yi.

Yadda yake a rumfa haka yake a coci, inda yake dattijon ikilisiya. Giya ba ta taɓa shiga bakinsa ba, zarto bai taɓa shiga hannunsa ranar Lahadi ba, ba a kuma taɓa kama shi da ƙarya ba. Da munafuki ne da labarin ya zo da sauƙi, sai mu zage shi mu wuce. Ba munafuki ba ne. Yana ƙaunar Allah da gaske, sai dai a ransa Allah ma kafinta ne mai tsuguno yana duba kofin ruwa.

Shi ya yi duk bencinan cocin, kowanne da majingininsa mai santsi, sai guda ɗaya can baya kusa da ƙofa. Wannan na masu horo ne. Dokar ikilisiyar ita ce, wanda ya faɗi cikin zunubi a fili zai zauna a kansa Lahadi goma sha biyu a jere kafin a mai da shi teburin jibin Ubangiji, inda ake raba wa masu bi gurasa da ƙoƙo. In ya tsallake ɗaya, lissafi ya koma farko. Da gangan Baba Daidai ya bar bencin babu majingini. "Wanda ya zo tuba bai zo hutawa ba," in ji shi. Shi ne kuma mai riƙe da lissafin Lahadin.

Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Auta, direban babbar mota ne, mai yawan dariya, mai yawan sha. Shekara ashirin yana shiga coci yana fita kamar mai leƙa kasuwa. Sai da likita ya gaya masa hantarsa ta lalace sannan ya zo rumfar yayan nasa, ya zauna a kan tarin katako, ya ce, "Yaya, na gaji. Ina so in koma."

Baba Daidai ya yi murna har idonsa ya kawo ruwa, amma abin da ya fito bakinsa shi ne, "Ka san hanya. Sha biyu."

Auta ya fara. Mako bayan mako yana zaune can baya, cikinsa na ƙara kumbura, ƙafafunsa sun daina shiga takalmi. In aka tashi yakan tsokani yayansa, "Yaya, wannan bencin naka ko katakon ma horo yake yi?" Ya yi goma sha ɗaya cif. Ranar ta sha biyu Baba Daidai ya waiwaya daga gaba ya ga bencin babu kowa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, bai tambayi kowa dalili ba, don a ganinsa ya riga ya san dalilin: mutumin ya koma wa kwalba.

Ranar Talata fasto ya zo rumfa. Mutum ne mai sanyin magana, ɗan cikin Baba Daidai a shekaru. Ya ce Auta ya kwanta, ba a ganin zai tashi, kuma yana roƙon a kai masa jibin Ubangiji gida. Dattawa biyu sun yarda, saura shi.

"Baba," in ji fasto, "ba bencin nan ne ke baratar da mutum, ya zama marar laifi a gaban Allah ba. Bangaskiya ce ga Almasihu. Ƙaninka ya ba da gaskiya."

"Bangaskiyar da ba ta iya zaman awa biyu?" Baba Daidai ya ci gaba da goge katakon da ke gabansa. "In da gaske ne, za a gani a aiki."

"An gani, Baba. Sau goma sha ɗaya."

"Sha biyu aka ce. In na sassauta wa ɗan uwana, da wane ido zan kalli sauran da suka cika nasu?"

Baba Daidai ya je duba Auta ranar Laraba. Ɗakin na warin magani, an tokare maras lafiyar da matasai uku. Auta ya kamo hannunsa ya ce, "Yaya, ni ba ni da komai da zan nuna. Na dai riƙe Shi, shi ke nan." Baba Daidai ya ji zuciyarsa na karyewa, ya kusa cewa a kira fasto. Sai ya daure, ya ce, "Ka warke tukuna, mu sake farawa. Ni da kaina zan riƙa kai ka." Auta ya yi ɗan murmushi ya saki hannun.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi. Yayansa ne ya yi akwatin, kusurwa huɗu daidai, babu inda ƙusa ta leƙo.

Bayan an dawo daga binnewa, matar Auta ta same shi a tsakar gida yana wanke hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, ranar Lahadin nan ya je fa."

Ya juyo yana kallonta.

"Ni na riƙe shi har bakin ƙofa. Ya gwada zama sau biyu kafin mutane su taru, bayansa ya kasa ɗaukar cikin, ba abin jingina. Sai ya ce in fitar da shi. A ƙasa ya zauna a waje, ya jingina da bango ƙarƙashin taga, har aka yi addu'ar tashi. Ya hana ni gaya maka. Ya ce kada ka ji kamar aikinka ne bai yi kyau ba."

Ta ɗauki butar ta shige ɗaki. Shi kuwa ya daɗe tsaye, ruwa na ɗiga daga yatsunsa.

Washegari ya ɗauko bencin a ka ya kai rumfa. Da ragowar katakon akwatin ya yi masa majingini, ya goge shi har ya fi na gaba santsi. Ranar Lahadi aka shigo aka same shi zaune a kai, ya miƙe baya cak, bai jingina ba.

Fasto ya yi magana har ya gaji. "Baba, ba wanda ya sa ka a horo. Abin da na faɗa game da Auta, kai ma naka ne. Taso ka karɓi jibin Ubangiji."

"Bari in cika sha biyu," in ji shi.

Abin tausayi, mai lissafin bai canja ba. In ya kai bakwai sai ya tuna ya yi wa matarsa tsawa ranar Litinin, ya koma farko. In ya kai tara sai ya kama kansa yana jin haushin maƙwabci, ya koma farko. Ya tsufa, ya rame, hannunsa ya soma rawa har ya bar zarto. Duk ranar jibi tiren gurasa da ƙoƙo yakan zo har bencin baya, don fasto ya ce a riƙa kai masa, mai tiren ya tsaya jim a gabansa, shi kuwa ya sunkuyar da kai har a wuce.

Bana shekara biyar ke nan. Mafi nisan da ya taɓa kaiwa shi ne goma sha ɗaya.