Kunnen Oreste

Egisto Bellagamba bai taɓa taka Amurka ba, ko doki bai iya hawa ba, amma rayuwarsa duka a zanen labarin 'yan kaboyi ta ƙare. Yana zanawa a ɗakinsa na saman gidan burodi, ya aika birnin Milano, a nan ƙasarmu Italiya, can a sa rubutu a buga.

Fuskoki kuwa a garinmu yake ɗiba. Wanzaminmu ya mutu a hannun jarumin labarin ba adadi, limamin coci ma ya taɓa fitowa ɓarawon shanu. Ba mai fushi. Duk ranar da sabon littafi ya iso rumfar mai jarida, wanda ya ga kansa a ciki shi ke sayen kofin kowa.

"Maestro, yaushe za ka bar ni in rayu har shafin ƙarshe?" in ji wanzami, don Maestro, wato gwani, muke kiran Egisto.

"Ranar da ka iya aski."

Mutum ɗaya ne bai taɓa fitowa ba, wansa Oreste. Lokacin da Egisto ya tafi koyon zane, Oreste aka bari da gonar inabi da uba marar lafiya. Da Egisto ya dawo, uban ya rasu, magana ta yanke tsakaninsu. Ko a coci ba sa haɗa layi. Sai dai mai jarida ya sha gaya mana cewa Oreste yakan tsaya ya buɗe kowane littafi shafi-shafi, ya ajiye bai saya ba. Kowa ya san abin da yake nema.

Da hannun Egisto ya fara rawa saboda tsufa, ya ce labari ɗaya ya rage masa. A hoton ƙarshe ya zana wani tsoho yana buɗe wa jarumi ƙofar gida. Ni na kai takardun gidan waya, na ga fuskar, Oreste ne sak, har da tsagar kunnen da Egisto ya yi masa da wuƙar yankan inabi suna yara.

Mai sa rubutu a Milano bai san wani Oreste ba. Ya rasa wurin sa maganar jarumi, sai ya ɗora farar da'irar da ake rubuta magana a ciki a kan fuskar tsohon. Hula da kunne kawai suka tsira. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar. Da littafin ya iso, Egisto ya duba, ya rufe, ya hau sama ya kwanta, bai ƙara saukowa shan kofi ba.

Da yamma aka ga Oreste ya biya kuɗin littafi, karo na farko. Ya hau matakalar ɗakin Egisto yana haki, ya tura ƙofa.

"Duk shekarun nan, kunne kaɗai ka iya zanawa?"

"Sun rufe sauran, Oreste."

Oreste ya jawo kujera kusa da taga, ya cire hula.

"To ga sauran. Ɗauki fensirinka, ka yi sauri, ina da aiki a gona."